Tantabaruna Sun Koma Ƙasar Waje

Kakana lauya ne, amma ba irin na rikicin gado ba. Shi ƙasa da ƙasa yake raba wa faɗa. A shekarun da kuɗin mai ke zuba a Abuja, benaye na tsirowa kamar ciyawar damina, kusan kullum sai an nuno shi a talabijin. Yau yana Turai gaban alƙalan duniya a kan iyakar ƙasa, gobe yana shugabantar kwamitin gyaran dokoki. A makaranta nakan ce wa yara idan Kaka ya gyara murya, lauyoyin Turawa sumewa suke yi.

Ni kuma mulkina a bayan gidanmu na Gwarinpa yake, inda na rataye tukwanen tantabaruna a jikin katanga. Kuɗin kashewata na makaranta duk a cikinsu ya ƙare. Ina son su fiye da ƙannena, kuma ƙannen sun sani.

Sai wani Alhaji ɗan Kano mai shagon atamfa ya sayi filin da ke bayanmu. Ran nan ya yi sallama, ya durƙusa gaban Kaka yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, ba rigima na kawo ba. Amma kamar katangarku ta ɗan shigo mini."

Saura kaɗan dariya ta kashe ni. Bawan Allah ya kawo kansa bakin kura! Na gyara zama don in ga yadda ake sumar da mutum da Turanci.

Kaka bai yi Turanci ba. Ya sa aka kira mai awon fili. Mutumin ya auna, ya sake aunawa, ya haƙa, sai ga turken siminti na iyaka a cikin gidanmu, daidai ƙarƙashin kaskon ruwan tantabaruna. Ashe tun wajen gini magina suka zarce.

"Alhaji ya yi gaskiya," in ji Kaka. "A rushe."

Na miƙe zumbur. Alhajin ma ya firgita.

"A'a, ranka ya daɗe, ai sai mu sasanta..."

"Haƙƙinka ne. Ni zan biya magina."

Na bi Kaka har falo. "Tsoho, kai ne fa ake nunawa a talabijin! Mai atamfa ya kayar da kai ko kotu ba a je ba?"

"Kai, sarkin tantabaru, rufe mana baki. Na je duniya na ce a girmama turke, sannan in taka na bayan gidana?"

Aka rushe, aka ja sabuwar katanga, na maido da tukwanena cikin gida. Amma tantabara ba ta barin inda ta saba. Da yamma ta yi sai su wuce ni fuu, su sauka a tsohon wurinsu, kan bulon Alhaji. Na watsa gero, na yi fito har leɓena ya kumbura. Ko kallo ban ishe su ba. Ga magen unguwa ta fara kai musu ziyara.

Na kai ƙara wurin Kaka, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Fili nasa ne," ya ce. "Mazauna kuwa ba a kwashe su da ƙarfi. Ɗauko mini babbar rigata."

Rigar da yake shiga jirgi da ita ya saka, muka zagaya filin maƙwabci a ƙafa. Ya zauna kan bulo, ya buɗe taro kamar a gaban alƙalan duniya. Aka amince tukwane su koma ɓangaren Alhaji, ni kuma in riƙa shiga ta ƙofa da sallama, ban da haura katanga.

"To ni meye nawa?" in ji Alhaji yana murmushi. "Ni fa mutum ne mai son farfesun 'yan shila."

Na kalli lauyana, ina jiran ya yi tsawa. Sai na ga ya haɗiye yawu.

"Duk ƙyanƙyasa ta farko taka ce," ya ce. "Ta biyu ta lauya."

Tantabaruna sun tsira daga mage. Daga tsofaffin nan biyu kuwa, har yau ina neman kotun da zan ɗaukaka ƙara.