Ƙarfe Tara na Hajja Rabi

Cikin shekarun da na yi a wannan ofis namu na tafiye-tafiye a unguwar Bagdadiyya ta Jidda, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ta fitata ta farko a matsayin mushrif, wato mai kula da ayarin matafiya. A watan Sha'aban ne aka tura ni da wani iyali na unguwar Madain Fahd, mutum goma sha ɗaya, zuwa wani gandun daji na gwamnati a gaɓar tekun gabashin Afirka. Kwana uku za su yi a tantuna. Babbar cikinsu Hajja Rabi ce, mahaifiyar maigidan, haifaffiyar Balad, tsohon cikin garin Jidda, ta haura tamanin, a keke ake tura ta.

Ƙa'idar aikin kun san ta: a nuna takardar izini a ƙofa, mushrif ya zaɓi wuri, a fara kafa tantin tsofaffi. Mun isa da hantsi. Filin da aka ware ƙarƙashin itatuwa ne, ga birai, ga cinnaku. Gaba kaɗan kuwa farin yashi ne shimfiɗe, ruwan yana can nesa, da ƙyar ake hango shi. Na ce, "Yalla, a kafa a yashin." Ni ɗan Jidda ne, tekun da na sani inda ka bar shi da safe kusan nan za ka same shi da yamma.

Bayan azahar wata jami'ar gandun ta zo da sauri. Ta nuna tantunan, ta nuna teku, tana ta maganar Suwahili. Tafintanmu ya koma gari sayen kifi, ni kuma Turancina na tikitin jirgi ne. Na miƙa mata izini, ta ture. Na kawo fasfuna, ta girgiza kai. Kalma uku take nanatawa: "Maji. Saa tisa."

Na yi ta juya su. Maji ya yi kama da moya, ruwa. Saa tisa kuwa Larabci ne tsaf, ƙarfe tara. Sai na fahimci motar ruwan sha za ta zo ƙarfe tara. Na yi mata godiya. Maimakon ta tafi, sai ta tsuguna ta tsige turken tanti ɗaya.

Maigidan, Alhaji Bashir, ya fito. "Usman, me ka yi wa matar nan?"

"Wallahi ya ammi ban sani ba. Ruwa za su kawo mana ƙarfe tara, kuma tana rushe mana tanti."

"Ko tarar kuɗi take nufi?"

Nan kaina ya ƙara kullewa. Tara ta lokaci ce, ko tara ta laifi? Na kira ofis, babu layi.

Hajja Rabi ce ta sa aka turo ta. Ta ce a maimaita mata kalmomin. Ta dubi rana, ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce biyu da rabi.

"Ya waladi, muna yara a Balad daga faɗuwar rana ake ƙirga awa. Tara ɗinmu la'asar ce. In irin lissafin mutanen nan ke nan, saura rabin awa. Ruwan ma ba na sha ba ne. Juya ka gani."

Na juya. Tekun da ke nesa ya cinye fiye da rabin yashin, ba igiyar ruwa ba ƙara, tafiya kawai yake yi.

Ni da jami'ar muka ɗaga keken da Hajja a kai, don tayoyin sun fara nutsewa. Tanti huɗu muka tsirar. Na biyar, na girki, ya tafi da buhun shinkafa da takalman kowa. Ƙarfe uku da 'yan mintuna, inda na shimfiɗa wa tsohuwa katifa ruwa ya kai gwiwa.

Da muka dawo na rubuta rahoto ban ɓoye komai ba. Mudir, shugaban ofis, ya mayar da ni mataimaki na tsawon wata shida, ban yi gardama ba. Hajja ce ta aiko a gaya masa kada ya kore ni.

Shi ya sa nake takura muku kada ku sallami tafinta kafin a tsige turke na ƙarshe. Abin da ban gane ba sam bai cuce ni ba, don irinsa tsayawa nake yi in tambaya. Wanda na ji rabinsa na ce halas, shi ke nan, na gane, shi ya kusa cin tsohuwar mutane.