Elizabeth Baƙo da Curin Yumɓu

Haihuwa da tasowa

An haifi Elizabeth Baƙo a Kwali a shekarar 1960. Mahaifinta Baƙo manomin doya ne, mahaifiyarta Lantana kuwa maginiyar tukwane. Karatunta ya tsaya a aji huɗu. Sauran iliminta a gindin tukunya ta same shi, tana zagaya yumɓu da baya-baya yadda uwarta ta koya mata.

Aure da zuri'a

A 1979 ta auri Obadiah, direban motar doya, suka tare a Abaji. A cikinta na ƙarshe, 1999, ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau, har ungozoma ta gargaɗe ta da ta ci gaba da awo bayan haihuwa. Da ta sauka lafiya, kowa ya ɗauka ciwon ya tafi tare da cikin.

Jinyar maigida

Wata safiya a 2011 bakin Obadiah ya karkace, hannunsa na dama ya saki. Kafin azahar yana asibiti a Gwagwalada. Shekara biyu Elizabeth tana jinyarsa, kullum safiya ta cusa masa curin yumɓu a tafin hannu, tana cewa, “Matsa, Oga direba, ba ƙwai ba ne.” Da haka hannun ya dawo, har ya sake riƙe sitiyari.

Nata ciwon

A watan Maris na 2019 shaƙuwa ta kama ta, da tashin zuciya da kasala, ta kuma rasa sunan jikarta. Iyalin, da suke ganin sun san shanyewar ɓarin jiki ciki da waje, suka duba bakinta, suka ga bai karkace ba, suka ba ta maganin zazzaɓi. Sai a rana ta uku, da hannunta ya saki, aka kai ta asibiti. Likita ya bayyana cewa a jikin mace ciwon yakan shigo da irin waɗannan alamu, kuma wadda jininta ya taɓa hawa tana da ciki ta fi zama cikin haɗari.

Obadiah ya ajiye tuƙi, suka koma Kwali, ya shiga kwaɓa mata yumɓu kullum safiya. Maganarta ta farko da ta fita sarai ita ce, “Baban Clara, ka cika ruwa.” Yatsu biyu kaɗai suka dawo. Da su ta gina wani ɗan kasko karkatacce a 2021, aikinta na ƙarshe ke nan.

Rasuwa

Ciwon ya sake bugunta, ta rasu ranar 14 ga Yuni, 2022, aka binne ta a Kwali bayan addu'a a coci. Ta bar mijinta da 'ya'ya biyar: Clara, Rosemary, Thaddeus, Christina da Justice. Kaskon yana kan tagar Obadiah, na'urar awon hawan jini a cikinsa. Duk 'yarsa da ta zo gaishe shi, sai ta miƙa hannu ya auna kafin ya amsa gaisuwarta.