Gidan Burodin da Ba a Zama

Duk wanda ya tashi a unguwar Salgado ta garin Caruaru ya ci burodin da Neuza ta miƙo masa ta saman kanta. Tun tana budurwa ta fara aiki a gidan burodin Seu Valdomiro, har furfura ta fito mata, kuma ba mahalukin da zai ce ya taɓa ganinta a zaune. Mutumin yana da doka guda: ma'aikaci ba ya zama. Wai mai saye in ya tarar da mai miƙo kaya a zaune, sai ya ɗauka burodin ma kwana ya yi. Shi kuwa gogan naka yana can kan kujera mai katifa, yana murza gashin baki. Da jijiyoyin ƙafafunta suka kumbura suka yi ruɗu-ruɗu, har ta yanke jiki ta faɗi ana tsaka da cinikin bikin São João, sai ya sallame ta. Ya haɗa ta da ledar biskit, wai ta je ta huta.

Ta huta ɗin, amma ba ta yafe ba. Neuza ba ta cikin masu cewa a bar wa Allah. Ta fi son ta gani da idonta.

'Yarta Cleidiane, wadda ke ɗinkin wandunan jins a Toritama, ta gaji da jin sunan Valdomiro safe da yamma. Sai ta kawo mata tsohuwar kwamfuta da wani wasa a ciki, irin wanda mutum ke ƙera 'yan mutane, ya gina musu gida, ya aurar da su, ya nema musu sana'a.

"Mainha, mamana, ki gina gida a bakin teku, ki ajiye kare, ki samo miji mai mota. Ki rabu da tsohon nan, don Allah."

"To, na ji," in ji Neuza.

Gidan burodi ta gina. Ta shimfiɗa masa shuɗin tayil irin na can, ta rataya fankar da ba ta juyawa, ta kafa kanta a gefen da rana ke dukan mai tsayuwa. Sannan ta nannaɗe hannun riga ta ƙera Valdomiro: tumbin, sanƙon, gashin bakin, har tawadar Allah da ke gefen hancinsa ba ta bari ba. Ta mai da kanta mai shago, shi kuma yaronta. Kujera ɗaya tak ta saya, ta zaunar da 'yar Neuzarta a kai.

Sai dai wasan yana da tausayin da ba ta nema ba. Da ɗan Valdomiro ya gaji sai ya tafi hutu, da ya ji haushi sai ya nemi ƙarin albashi, ranar da abin ya ishe shi ma ajiye aikin ya yi, ya fice abinsa yana fito. Ga kuma dokar da ta fi tsaya mata a rai: in shago ya daɗe yana asara, wasan da kansa zai rufe shi ya sallami ma'aikata. Wato in ba riba, Valdomiro ya tsira.

Nan ta faɗa harkar mod. A wani zauren 'yan wasa na waya ta ji labarinsu: 'yan ƙare-ƙare ne da masu wasan ke ƙirƙira da kansu, ka sauke ka jefa cikin wasan, su sauya masa dokoki. Matar da a da ko hoto ba ta iya turawa sai ga ta da tabarau a karan hanci tana koya wa wasu. Ta sa wanda ya hana ma'aikaci ajiye aiki. Ta sa wanda ya soke hutun rana. Da ta gano cewa sabunta wasan yana lalata su duka, sai ta kafa tata dokar a gidan.

"Duk wanda ya taɓa min maɓallin sabuntawar nan, sai na karya masa yatsa. Har ke."

Ta yi wa ɗan mutumin nan gashin ƙuma son ranta. Kullum in ta gama cin cuscuz, dambun masararta na safe, sai ta ɗora ƙafafu a kan matashi ta buɗe shago, tana kallonsa yana tangaɗi tsakanin tanda da kanta. Daɗin da take ji ba ta ɓoye shi.

Amma ribar ta ƙi zuwa. Mutumin da ba ya hutawa ba ya wanka, sai ga shi yana tafe wari na binsa, yana kuka a gaban mutane, wani lokacin ya zube ƙasa barci ya kwashe shi. Masu saye su toshe hanci su juya, taurarin yabon da wasan ke ba shagon suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Gargaɗin rufewa ya fito da jan rubutu.

Cleidiane ta leƙo ta bayanta wata ranar Lahadi, ta kwashe da dariya.

"Mainha, ki ba bawan Allah nan kujera kawai, kwastomomi su dawo."

"Kujera? Gara shagon ya ƙone ƙurmus."

"In ya ƙone ai ya huta, ke ce a ciki."

Neuza ta yi ƙwafa, don ta san gaskiya yarinyar ta faɗa. Ta rubuta matsalarta a zaure, ba ta ce ga wanda take azabtarwa ba. Kafin su gama cin abincin rana, wata mata daga Belém ta turo mata mod, ta ce wannan yana sa masu saye su daina lura da halin ma'aikaci, kaya kawai suke gani.

Ta saka shi, ta buɗe shago. Kan ka ce kwabo layi ya kai bakin titi. Valdomiro na wari, ana saye. Yana sharɓar hawaye, ana saye. Taurari suka dawo, jan rubutun ya ɓace. Can sai ya yi luu ya faɗi a gaban kanta, kuma ko mutum ɗaya bai bar layi ba. Wata 'yar mata mai jaka ta kewaye shi ta tsaya tana duba agogo. Neuza ta yi ta dariya tana dukan cinya har da hawaye.

Sai dariyar ta yanke.

Ta san wannan kallon daga ƙasa. Ranar da ta faɗi, kuncinta a kan tayil mai sanyi, ƙafafu kawai take gani, kuma ba silifas ɗin da ba ta san mai shi ba. Ba wanda ya sunkuya. Abin da ta ji ta samanta shi ne muryar Dona Cícera, maƙwabciyarta da suke rera waƙa tare a coci, tana cewa, "To yanzu wa zai ba ni kek ɗin masarata?" Washegari duk suka koma suka yi layi, har yau kuma can suke saye, suna wucewa ta ƙofarta da ledar burodinsa suna ɗaga mata hannu. Ita ta sha wahalar sauke mod kafin 'yan mutanenta su zama haka. Mutanen Salgado ba wanda ya saka musu komai.

Wani sabon ɗaci ya taso mata, ya fi na da zafi. Ta share fuska da bakin riga, ta gyara zaman tabarau, ta buɗe wurin ƙera mutane.

"Cleidiane! Dona Cícera har yanzu jan rini take yi wa gashinta?"

"Eh mana. Me ya faru kuma?"

"Shago ya yi riba, zan ƙara ma'aikata. Mutum nawa wasan ke bari a ɗauka?"

"Uku ne, ina ji."

"Uku ba su isa ba. Miƙo min wayata, akwai mod ɗin da zai cire wannan dokar."