Kwandon Wayoyi a Ƙofar Mata

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Manchester za su gane ni tun kafin su kai rabin wannan labari, sauran kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Da ku nake, samari, musamman ku da kuke zaune a ɗaki ɗaya a ƙasar mutane, daga ku sai waya.

A nan Ingila aka haife ni, lokacin da mahaifina yake karatu, amma a Kano na tashi, a gidan da ba a barin mutum ya ci abinci shi kaɗai. Ina da shekara ashirin da huɗu na dawo da fasfon ƙasar a aljihu, na kama ɗaki a unguwar Hulme ta Manchester. Ko taba ban taɓa sha ba, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a nan mutum zai iya yin kwana uku bai yi magana da kowa ba sai direban bas.

Na sami aiki a wani ɗan shago a Withington, inda muke juye tsofaffin kasa-kasai na bidiyo zuwa kwamfuta: bikin aure, suna, yawon bakin teku. Mai shagon wani tsohon Bature ne, Baba nake ce masa. Shi ya koya mini yanke hoto da haɗa shi, har hannuna ya fi nasa iyawa.

Gida ɗaya nake da shi a duk garin, gidan Hajiya Rabi a Whalley Range. Mijinta likita ne, mutanen Kano ne su ma. A filin Idi ta ji ina waya da Hausa, ta sa aka kira mata ni. "Kai ɗan gidan wane ne? Wa kake da shi a nan?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To daga yau kana da mu. Kowace Lahadi akwai tuwo, in ba ka zo ba zan aiko a ɗauko ka." Haka kuwa aka yi. 'Yarta Hafsat, mai haɗa magunguna a wani kemis, Yaya take ce mini, tana yi mini tsiya wai lomata ta fi bakina girma. Awa uku a mako ina mutum. Sauran kwanakin kuwa sai ni da bango.

Wata rana aka kawo mana kwali uku na kaset daga gidan wani da ya mutu. Da Baba ya duba sai ya yi dariya, ya ce finafinan batsa ne na zamanin dā, irin waɗanda ake nunawa a wata sinima a Birmingham inda ya yi aikin kunna na'ura yana saurayi. Ya ce in kai su bola. Ban kai ba. Na kai su ɗakina.

Ku ji yadda na yaudari kaina. Na ce ai waɗannan ba irin ƙazantar waya ba ce, waɗannan suna da labari, da kiɗa mai taushi, da manyan gidaje masu labule. Na ce nazari nake yi, ni da nake aikin fim. Wai nazari! Ranar Asabar tun azahar nake sakin labule, kafin in farga la'asar ta wuce ban yi ta ba.

Kuma gaskiya na yi nazarin, shi ne abin takaicin. Na kalli sun fi ɗari, na gane labari ɗaya ne ake ta maimaitawa. Mace tana zaune a bakin taga, kaɗaici ya ishe ta, baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, shi ke nan. Ba sallama, ba tambayar mutanen gida. Babu mai uwa a cikinsu, babu mai ciwon kai, babu jaririn da zai yi kuka a ɗaya ɗakin. Ba a taɓa cewa a'a da gaske, in ma an faɗa to wasa ne. Kuma fim ɗin yakan ƙare tun kafin kowa ya ji kunya. Ba sha'awa kawai suke sayarwa ba, ƙarya suke sayar wa mai kaɗaici, cewa zai sami mutum ba tare da wahalar zama da mutane ba. Ni kuwa wannan ƙaryar ce daidai ciwona.

Na taɓa tambayar Baba ko matan suna jin daɗin aikin. Ya dube ni ta saman tabarau. "Tsayar da hoton ka kalli hannunta," in ji shi. "Sanyi take ji, ɗakunan ba su da hita. Sannan ka kalli idonta." Na koma na tsayar. Tsigar jikinta a tashe take. Idonta kuma ba a kan namijin yake ba, can bayan kyamara take satar kallo, kamar mai jiran a ce mata ta tashi an gama. Na ga wannan da idona, jikina ya yi sanyi na kwana biyu. A rana ta uku na ci gaba.

Daga kallo sai juyewa. Na zuba su a kwamfuta, na fara sayarwa a wani zaure na intanet inda kowa yake ɓoye sunansa. Ba kuɗin ne suka ja ni ba, wallahi. Yabon ne. Mutane suna jiran abin da zan saka, suna kirana gwani. Wanda ba a gaishe shi a kan hanya, ga shi ana nemansa. Sai wasu 'yan ƙasarmu a zauren suka fara cewa sun gaji da Turawa, ba ni da namu?

A daidai lokacin aka sa bikin Hafsat. Kun san yadda matanmu suke yi a nan ranar kamu: su kama zaure, su rufe ƙofa, babu namiji ko ɗaya. Matan da suka shekara cikin kwat da hijabi suna tseren bas su ajiye mayafi, su yi rawa iya son ransu. Mai ɗaukar musu hoto mace ce, sai ta kwanta rashin lafiya ana jibi biki. Wasu suka ce a haƙura da bidiyon. Hajiya ta ce, "Ga ɗana nan. Wannan ɗan gida ne, na tsaya masa." A gabana ta faɗa, ta dafa ƙirjinta. A kan maganarta mata sama da hamsin suka cire mayafi a gaban kyamarata.

Na ba su bidiyonsu mai kyau, Hajiya har da hawaye. Amma na ajiye kwafi. Sati uku ina kallon rawar Hafsat, kuma idon da nake kallonta da shi ba idon Yaya ba ne, idon da kasa-kasan nan suka ba ni ne, wanda ba ya ganin 'yar wani ko matar wani. Na yanko fuskarta da rawarta, na haɗa da wuraren da ba zan bayyana ba daga tsofaffin finafinan, na gyara launi har ba a gane inda aka yi haɗin. Na ce minti biyu ne kawai, kuma wa ya san ta? Ranar da na saka shi Asabar ce. Washegari na je na ci tuwo a gidansu.

Kafin wata biyu ya fita daga zauren ya shiga wayoyin mutane, ya je Kano, ya dawo wayar ƙanin mijinta. Ba a sha wahalar nemana ba, namiji ɗaya ne ya shiga ɗakin nan. 'Yan sanda suka zo shago da hantsi, suka kwashe kwamfutoci. Baba yana tsaye, sai da za a fita da ni ya ce, "Na ce ka kai su bola."

A kotu aka karanta takardar da Hafsat ta rubuta. Ta ce mijinta ya san ƙarya ne, ya tsaya mata, amma ta bar aiki domin duk namijin da ya shigo kemis sai ta ga kamar ya gani. Hajiya tana zaune a baya. Sau ɗaya ta dube ni, ba harara, ba kuka, kallo kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An ɗaure ni a wani kurkuku a yankin Birmingham. Na zaci na san kaɗaici a Hulme, ashe ban san komai ba. Ranar ziyara ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, nawa bai taɓa fitowa ba. Mahaifina ya daina ɗaukar wayata. Lahadi ce ta fi yi mini ciwo, da azahar ta yi sai in ji ƙanshin miyar kuka a hancina, alhali dankali ne a gabana. A can na koma sallah, ba don na zama na kirki ba, don dai babu wanda ya rage da zan yi wa magana sai Allah.

Da aka sake ni, an hana ni kusantar Hafsat, don haka ta hannun wani malami na aika wa Hajiya neman gafara. Amsar da ya kawo gajeriya ce. "Ta ce haƙƙinta ta yafe maka. Na Hafsat ba nata ba ne. Kuma ta ce bakinta ka kashe, yanzu ba ta iya tsaya wa kowa."

Ban koma Manchester ba. A Birmingham na zauna, ina aikin jera kujeru da wanke kwanuka a wani zauren biki. A bazarar da ta wuce wasu Hausawa suka kama wurin don kamu. Ina shigar da kujerun ƙarshe kafin a fitar da maza sai na ga wata dattijuwa a ƙofa da kwando a hannu, duk macen da ta zo sai ta jefa wayarta a ciki. Wata budurwa haifaffiyar nan ta turo baki, ta ce, "Haba Anti, ko hoto ɗaya? Ba fa fair ba ne, ba a yi mana adalci ba." Dattijuwar ta ce, "Ba waya, ba kyamara. Tun abin da wani ɗan banza ya yi wa 'yar Hajiya Rabi a Manchester muka daina. Ita yarinyar ma har yau ko a cikin mata ba ta cire mayafi, balle ta yi rawa." Sannan ta juyo gare ni da fara'a, ba ta san ni ba, ta ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Na amsa. Na fita bayan zauren inda ake tara shara, na zauna a kan bokiti na yi kukan da ban yi ba a kotu.

To samari, ga abin da nake da shi. Kada wanda ya ce muku kallo ne kawai. Ni ma kallo ne kawai, har da sunan nazari. Abin yana sauya ido ne a hankali, sai ka wayi gari ƙanwarka ta zama hoto. In kaɗaici ya matsa maka, ɗaga labulen nan, fita ka nemi mutane, ka jure surutunsu da tsiyarsu da tambayoyinsu. In Allah Ya haɗa ka da gidan da ake ajiye maka kwano, riƙe shi da hannu biyu. Na tuba, kuma ina sa ran Allah Ya karɓa. Amma amarya nawa za su yi aure a ƙasar nan ba su da hoton ranar da suka yi rawa da iyayensu mata, ni na jawo musu. Gobe ma Lahadi ce, kuma ni kaɗai zan ci abinci.