Dillalin Gidaje da Tsohuwar Tashar Jirgi

Shekara tara dillalin ya yi yana nuna wa mutane gidaje a sabuwar unguwar da ke bayan gari. Akwai shi da zaƙin baki. Yakan buɗe taga ya ce, "Ga lambun shan iska can, ga asibiti, ga makarantar yara. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan tarihi kuwa, da ƙafa ma sai ka je."

Shi ma a unguwar yake, a hawa na uku na wani bene, da matarsa da mahaifinsa. A wannan tashar tsohon ya yi ƙuruciyarsa, shi ke kaɗa ƙararrawa in jirgi zai tashi. Tunda ciwon gwiwa ya hana shi sauka matakala, roƙonsa ɗaya ne.

"Yaushe za ka kai ni in ga wurin aikina?"

"Asabar, Baba, in Allah ya yarda."

"Wannan Asabar ɗin taka, a wace shekara take?" in ji tsohon, yana dariya.

Asabar kuwa ranar masu neman gida ce. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, dillali ya raka baƙi har cikin tashar, yana ba su labaran da ya ji a bakin ubansa.

Ana nan sai idon tsohon ya fara dushewa. Likita ya duba, ya ce an makara. Wata safiya matar dillali ta tare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, jiya Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, ya damƙi iska. Sai yaushe?"

Ya kashe wayarsa, ya goya tsohon, ya sauko da shi.

A tashar, tsohon ya tsaya yana juya kai. "Gaya min, wane fenti suka yi wa ɗakin tikiti?"

Dillali ya dubi bangon ɗakin. "Kore ne, Baba."

"To, ba su canja ba." Ya laluba bangon, ya daɗe yana shafawa.

"Baba, ka yafe min."

"Me ka yi? Ba ga mu mun zo ba?"

Da zaginsa tsohon ya yi, da ya fi wa dillali sauƙi.

Da suka dawo ya sake goya shi, sai a lokacin ya lura tsohon ba nauyi ko kaɗan. A hawa na biyu ya tsaya, yana goge hawaye da kafaɗa.

"Huta abinka," in ji tsohon daga bayansa. "Ai na san na gajiyar da kai."