Kujerar Kar-Ka-Taɓa

Duk ofishin babu mai kiran tsohon da sunansa na yanka, sai dai Kar-Ka-Taɓa. Siriri ne, mai busasshen tari da gajen haƙuri. Ka kuskura ka jingina da teburinsa, kallo ɗaya zai yi maka ka nemi ƙofa. Manhajar kwamfuta guda ya yi wa bauta har furfura ta cinye kansa, wadda ƙananan asibitoci ke fitar da sakamakon gwajin jini da ita.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya sauya ta. In za a saki sabuwar fitowar manhajar, fayilolin da hannun mutum ya rubuta kaɗai ake turawa. Waɗanda kwamfuta ke samarwa daga cikinsu kuwa, kowane asibiti ya samar da nasa a can inda yake.

"Baba, ka haɗa musu mana su huta," in ji autarsa, wadda ke aiki a teburin gefensa.

"Iri ake ba mutum ya shuka," in ji shi. "Abin da ban ga haihuwarsa ba, ba na sa masa hannu."

Rannan da hantsi ya kifa kai a kan tebur, shi ke nan, rai ya yi halinsa.

Fitowar farko bayan rasuwarsa, sai waya ta hana auta sakat. A duk asibitocin aikin samar da fayilolin ya cije, ga marasa lafiya na jira. Ta gwada a kwamfutarta, shiru. Ta gwada a tsohuwar kwamfutarsa tana tsaye, nan ma shiru. Da gajiya ta ci ƙarfinta, ta zauna a kujerarsa.

Ɗumi ta ji, kamar yanzu wani ya tashi. Fankar kwamfutar ta yi tari, rubutu ya fara gudu a fuskarta, aikin ya kama. Ta zabura ta miƙe, ya tsaya cak. Ta koma, ya ci gaba. Tsigar jikinta ta tashi, amma wallahi har da daɗi ta ji.

To ga fayiloli sun samu, turawa ce ta gagara. Ta yaya za ta karya dokar Baba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba? Kullum sai ta zo ta zauna, wai gyara take nema. Ƙarya ce, ɗumin take bi.

Wata rana mai shara ta kai tsumma kan teburin.

"Kar ki taɓa!"

Matar ta saki tsumman tana salati, domin daga bakin auta maganar ta fito, amma muryar ba tata ba ce. Da yamma uwar auta ta ƙura mata ido ta ce, "Ke, yaushe kika fara tarin babanki?"

Washegari auta ta zauna, ta samar da fayilolin, ta haɗa su da sauran. Hannunta na dama ya yi nauyi kamar an danne shi.

"Baba, ka yafe mini. Mutane na jira."

Da hagu ta tura.

Fankar ta yi shiru. Kafin azahar asibitoci suka fara bugowa suna godiya, komai ya kama aiki. Ita dai tana zaune tana shafa kujerar da ta yi sanyi ƙalau, tana irin kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.