Haƙoran Rago a Bakin Jaɓɓo

A zamanin da Sarkin Musulmi ke mulki daga Sakkwato, tun Nasara bai leƙo ƙasar ba, lokacin da mutum zai tashi daga Illela ya shiga Birnin Konni babu mai tambayarsa ina za shi, an yi wani Bafillace a wata ruga bayan Amarawa, sunansa Jaɓɓo. Ba shi da sarauta, karatunsa bai wuce na salla ba, kyansa ma tsaka-tsaki ne. Abu ɗaya Allah ya ba shi, kuma ya ba shi babu ƙwauro: iya fito.

In ya kafa harshe bayan haƙoransa biyu na sama ya busa, sai ka ji sautin ya miƙe sama, ya karye a tsakiya, ya sauko a hankali. Da rani, in garkuna suka cakuɗe a bakin tafkin Kalmalo, sauran makiyaya gudu suke yi da sanduna suna ihu suna ware nasu. Shi kuwa gogan naka sai ya gicciya sanda a kafaɗa, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya busa sau guda. Shanunsa su zare jiki daga cikin dubu su nufo shi. A gabansu kullum akwai Wule, wata jar saniya mai farar fuska wadda aka haifa a hannunsa. Ba ya faɗa, amma ya san ana kallonsa, kuma abin yana yi masa daɗi ƙwarai.

Garken na gado ne, shi da ƙanensa Maliki, ba su raba ba. Maliki shi ne na jan guga, shi ne na ɗaure maruƙa, shi ne na bin baya yana koro masu nawa. Magana ba ta dame shi ba. Shekara da shekaru Jaɓɓo yana gaba Maliki yana baya, kuma Jaɓɓo bai taɓa waiwayawa ya tambayi kansa abin da mai bin bayan nan yake ji da kunnuwansa ba.

Abin ya faru ne a wata rijiya kusa da Garu. Jaɓɓo ya sunkuya yana juye guga a kwami, ƙuda ya ciji Wule a wuya, ta kaɗa kai. Ƙahonta ya same shi a baki. Da ya tofar da jini sai ga haƙora biyu na sama a tafin hannunsa. Bai dake ta ba. Wai kafin ma ya kurkure baki sai da ya kama ƙahon ya duba ko ya tsage.

Da bakin ya warke, ya zagaya bayan wani kalgo inda babu kowa, ya kafa harshe ya busa. Harshen bai sami abin dogara ba. Iska ce kawai ta fita da ɗan yawu. Ya sake, ya sake, har kansa ya yi ciwo.

Ran nan da la'asar shanu sun watsu a fadama, ga hadari yana haɗuwa. Maliki ya dubi wansa, ya dubi sama, sai ya gyara baki ya busa. Sautin ya miƙe, ya karye a tsakiya, ya sauko a hankali. Fiton Jaɓɓo ne sak, babu abin da ya ragu. Wule ta ɗaga kai, ta kaɗa kunne, ta nufi Maliki, sauran suka bi ta. Ta wuce ta gaban Jaɓɓo ko kallonsa ba ta yi ba.

Mutanen ruga suka ce alhamdu lillahi, da ma gida bai rasa mai kira ba. Jaɓɓo ma ya ce alhamdu lillahi, amma a baki kawai. Kishi ne ya kama shi, kishi tsagwaronsa, irin wanda ke hana mutum jin daɗin nono. Kuma ga kunyar Fulani: wa zai buɗe baki ya ce yana kishin ƙanensa a kan saniya? Sai ya haɗiye abinsa, ya riƙa fitar da shi ta wasu ƙofofi. Yau ya ce shanu sun rame, gobe ya ce an kai su inda ƙaya take.

"Kana ja da yawa ga ƙarshe," ya ce wa Maliki wata rana. "Ba haka nan aka yi nai ba."

"To, Hamma," in ji Maliki. Haka yake kiran wansa. Washegari ya rage jan, shanu kuma suka zo kamar jiya.

Taubasansa kuwa sun sami abin yi. Wannan ya ce yanzu ne Jaɓɓo ya cika makiyayi, tunda ya yi kama da shanunsa, su ma ba su da haƙoran gaba na sama. Wancan ya ce ya riƙa rufe baki kada ƙadangare ya gani su ƙi tsirowa, kamar yadda ake gaya wa yara. Yakan yi dariya da hannu a baki. Wannan bai dame shi ba. Abin da ke cinsa shi ne kunnen Wule, yadda yake juyawa tun kafin Maliki ya gama gyara baki.

Ya fara neman abin da zai cike giɓin. Ranar kasuwar Illela ya sami wani wanzami, ya buɗe masa baki. Wanzami ya leƙa ya ce, "Ni cirewa na gada, ban gaji mayaswa ba. In akwai wani mai ciwo, in taimake ka." Jaɓɓo ya rufe bakinsa ya yi gaba.

Ya murza kakin zuma ya cusa a wurin. Ya yi kyau da safe, rana na ɗagawa ya yi laushi, kafin azahar ya bi fura ya wuce ciki. Ya sassaƙa icen aduwa ya soka tsakanin haƙoran gefe, dasashi ya kumbura har ido ya rufe. Matarsa Asta ta dafa masa bagaruwa yana kurkurawa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta riga ta gane, tun ranar da ta ga ya daina karɓar ƙwarya in ta biyo ta hannun Maliki.

Daga nan ya je wurin Malam Isa, wani dattijo mai makarantar allo a Illela, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga magana.

"Don cin abinci kaka so, ko don karatu?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, don shanu."

Malam Isa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya nutsu ya ce ya taɓa cin karo da mas'alar a littafi: ba laifi mutum ya sa haƙorin dabbar da ake ci, muddin yanka ta aka yi ba mushe ba ce, ya ɗaure da azurfa. Shi dai a takarda ya gani, bai taɓa gani a bakin mutum ba. Amma akwai wani maƙeri Buzu a Birnin Konni, Agali, wanda ya daɗe yana bin ayari, an ce ya ga an yi a can arewa.

Jaɓɓo ya koma ruga ya kama rago mai shekara biyu. Da zai fita, Asta ta zare zoben azurfar kunnenta guda ta ɗora a kan taikinsa, ta juya ta ci gaba da kaɗa nono.

Agali ya sa aka yanka ragon, ya riƙe naman ladan aikinsa, ya dafa muƙamuƙin ya zare haƙora biyu na tsakiya. Ya goge su da magagari har suka yi daidai da giɓin, ya huda kowanne, ya ja zoben Asta ya mai da shi siririn zare. Ya zura, ya naɗe a jikin haƙoran gefe, ya murɗe. Hawaye suka riƙa bin kuncin Jaɓɓo ba da izninsa ba.

"Ka jiya, Bahillace," in ji Agali, "waɗanga na gehe su ka ɗaukar kaya. Ka yi dariya da su, ka gaida mutane da su. Amma in ka matsa musu, su ma za su bi 'yan'uwansu."

Jaɓɓo ya ce ya ji. Ƙarya yake yi, bai ji komai ba. Tun a hanyar komawa ya fara gwadawa, kuma kafin ya kai Illela wani ɗan siririn sauti ya fita. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana dariya shi kaɗai, har wasu masu jakuna suka kauce masa.

Bai gaya wa kowa dalili ba. Ya bar mutane suna kallon sabon bakin suna mamaki, shi kuwa kullum ya zagaya bayan kalgo yana busawa. Sautin ya ƙara ƙarfi. Ya ajiye abinsa sai ranar da za a gani.

Ruwan farko ya sauka, manoma suka fara shuka, lokaci ya yi da garkuna za su bar gonaki su nufi arewa. Ranar tashi kowa ya hallara a bakin Kalmalo, shanu sun cakuɗe ana shayar da su na ƙarshe. Maliki ya gyara baki zai kira. Jaɓɓo ya ɗaga masa hannu.

"Bari."

Ya gicciya sanda a kafaɗa, ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar da. Ya busa. Sauti ya fita, mai ƙarfi kuwa, ya miƙe, ya karye, ya sauko. Amma ba shi ba ne. Ya yi kaifi, akwai wata 'yar rawa a cikinsa wadda babu ita a da. Wule ta ci gaba da shan ruwanta. Can gefe wasu tumaki na wani Buzu suka ɗago kai gaba ɗaya suna kallonsa.

Wani taubashi ya fashe da dariya ya ce, "Sun gane ɗan'uwansu!" Dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga fuskar Jaɓɓo.

Ya sake busawa. Ya sake, da duk ƙarfin ƙirjinsa, har ya ji gishirin jini a harshe. Sauran garkuna suka ware suka kama hanya, nasu na nan cikin ruwa. Maliki kuwa ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda, ya ƙi busawa don kada ya kunyata wansa. Wannan tausayin shi ne abin da Jaɓɓo ya fi tsana a duk ranar. Da a ce Maliki ya yi masa dariya, da ya sami abin riƙewa.

Daga ƙarshe ya sauke sanda, ya ce ba tare da ya dube shi ba, "Kira su."

Maliki ya busa a hankali, kamar mai neman gafara. Wule ta fito daga ruwa.

Mai hankali da nan ya tsaya. Jaɓɓo bai tsaya ba. Duk daminar nan a arewa yana bayan garke, wurin da Maliki yake a da, yana busawa yana cewa shanu za su saba. Ba su saba ba. Kafin kaka zaren azurfa ya cinye gindin haƙoran gefe, suka fara girgiɗi, suka fita ɗaya bayan ɗaya tare da na ragon. Giɓin biyu ya koma na huɗu. Ya wanke zaren ya ajiye wa Asta a kan faifai, ta ɗauka ta ƙulle a bakin zane.

Shekaru suka tura. Garke ya yaɗu a hannun Maliki, kuma wannan ma Jaɓɓo bai yafe masa ba. Bai taɓa zaginsa ba, bai taɓa hana shi komai ba, amma bai taɓa ce masa sannu da aiki ba.

Wata safiya Maliki ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da shi. "Hamma, Wule ta tsuhwa. Haƙoranta sun cinye, ba ta iya tsinkar haki. Ba ta kai arewa bana. Na ce ko a kai ta ma mahauta Illela tun da sauran nama gare ta."

Abin da kowane makiyayi zai yi ke nan, Jaɓɓo ma ya sha yin haka da wasu shanun. Amma sai ya ji kansa yana cewa, "Don ba ta da haƙora? To ni mi za a yi da ni?"

Jaɓɓo ya ɗora da cewa:

"Rabona shi zamna hannunka, kai da ɗiyana ku yi ta kiwo. Ita ka bar min."

Daga shekarar bai sake zuwa arewa ba. Ya kafa bukka a bayan Amarawa, shi da Asta da Wule. Yakan jiƙa mata dusa da kanwa a ƙwarya, Asta ta dama masa kunu, su zauna a inuwa guda kowa yana shan nasa. Saniyar ta riƙa binsa duk inda ya sa ƙafa, ba fito ba igiya. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya nuna masa ita ya ce, "Ka gani? Ita ta san mai ita." Mutane su ce gaskiya ne, ko da yake kowa ya ga ƙwaryar dusa a hannunsa.

Haka mutanen Amarawa suka san shi a ƙarshen rayuwarsa: tsoho mai faɗaɗɗen giɓi da tsohuwar saniya. Akwai kuma abin da masu zuwa rijiya da sassafe suka sha gani, suka kau da kai don kunya. Da rani, in garke ya dawo kusa, Maliki yakan fitar da shanu hantsi bai yi ba. Jaɓɓo ya san lokacin. Tun kafin a busa zai tashi da sauri, ya je ya rungume kan Wule, ya ɗora tafukan hannunsa ya toshe mata kunnuwa, yana yi mata surutu da Fulatanci don ya danne sautin.

Fiton ya taso daga fadama, ya miƙe, ya karye, ya sauko a hankali. Jaɓɓo ya ƙara danna hannu. Kuma kowace safiya, a ƙarƙashin tafinsa, yana jin kunnen yana motsi.